Shawarwarin da muka tattara wa masu shiga gasar nazarin alƙaluma kan shaye-shaye

Ranar Asabar muka zauna a Unguwar Rimi, Kaduna, da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Poli) masu shirin shiga gasar nazarin alƙaluma kan illar shaye-shaye ga lafiya.

Abin da aka fi daɗewa a kai shi ne inda za a samo bayanai. Wata malamar lissafi ta ce a fara da binciken UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi da laifuka) da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018: mutum miliyan 14.3 a Najeriya, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Amma ta ja kunne cewa an tattara alƙaluman kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, don haka kada a ɗauke su hoton yau.

Wani ma'aikacin jinya ya ce: "Ƙannena, ku raba wiwi da tiramol da sholisho. Yawan tiramol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin kuwa numfashi yake dannewa." Na ga wani yaro ya soke rabin shafinsa nan take.

Wajen nazarin alƙaluman a kwamfuta, manhajar Excel ma ta isa farawa, Python (harshen rubuta manhaja) ta biyo baya.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce maganar sirri. Wanda zai yi tambayoyi a Kawo ko Tudun Wada ya nemi amincewar mutane tukuna, ya cire suna da lambar waya, domin a unguwa kowa ya san ɗan kowa.