Zawo da aman yara lokacin sanyi: kowa ya faɗi abin da ya gani

Maman 'yan biyu, Sandamu:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah duk wadda ɗanta ya taɓa yin zawon nan mai ruwa-ruwa da ke zuwa da amai da zazzaɓi ta faɗa mana yadda ta yi. Tunda sanyi ya shigo yara ke ta kwanciya a ƙauyenmu, tsofaffi kuma sun dage wai haƙora ne, abin na damuna wallahi.

Uwargida, Mai'adua:
Wa alaikumus salam yaya. Ɗiyata tana rarrafe ta yi shi, amai ya fara da dare kafin azahar zawo ya ɓalle kamar an kwance famfo, ina wanke zannuwa har igiya ta cika, kakarta na cewa a ƙyale ta haƙora ne, sai ga ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, tana kuka ba hawaye, wuni guda ba fitsari. Kan mashin babanta ya kai mu Daura aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya sa da sauran kwana.

Malamar asibiti, Daura:
Allah ya raya ta. Yawancin irin wannan rotavirus ne, ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma bairos ne, Flagyl ɗin da ake rugawa kemis a sayo ba ya kashe shi. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe yaro. Ƙunshin ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi cokali-cokali, in ya amayar a jira minti 10 a ci gaba, a ba shi maganin zinc kwana 10 zuwa 14, nono kuma kar a tsayar don Allah. In ya kasa sha ko ya langaɓe a taho asibiti ko tsakar dare ne. Rigakafin rotavirus ya shiga jerin na yara a Najeriya tun Agustan 2022, ɗigo ne a baki, in yaro ya kai sati 6, 10 da 14, kyauta.

Baban yara, Zango:
Malama nawa ya sha ɗigon duka uku amma bana ya yi zawo, ya ke nan?

Malamar asibiti:
Malam akwai wasu ƙwayoyin da ke sa zawo, ko rota ɗin ne ma in ya kama wanda ya sha ɗigo yawanci ba ya tsanani. Kwana nawa ya yi, kuma ya ci gaba da shan nono?