Neman kalma: me za mu kira "faraim namba" da Hausa?

Malamin lissafi, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yaranmu na zangon Kumasi da Turanci suke koyon lissafi, amma in abu ya shige musu duhu, da Hausa muke warware musu. Cika da mara, wato lambar da ke rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa, muna da su tun kaka da kakanni. Abin da muka rasa shi ne sunan lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 97. Yara "faraim namba" suke cewa, kuma sunan ba ya nuna musu komai. A taimaka da shawara.

Malamin Islamiyya, Asawase:
Wa alaikumus salam. Larabawa adad awwali suke ce mata. Mu ce "lambar farko".

Malamin lissafi:
Allah gafarta Malam, sunan yana da asali, sai dai duk yaron da ya ji lambar farko, 1 zai kawo, alhali 1 ba ta cikinsu.

Wata malama, Nima, Accra:
Ni "gagara-raba" nake gani, yadda muke cewa gagara-badau da gagara-gasa. Ku duba mai goro. A ba ta goro 91, za ta kasa shi kashi 7, kowane kashi 13, babu saura. A ba ta 97, ta yini tana kasawa bibbiyu, uku-uku, bakwai-bakwai, kullum sai an sami ragowa. To 97 ta gagari rabo. Ga amfaninsa a aji: yara da yawa suna zaton duk lambar da take mara, faraim ce. Da wannan suna, sai ka ce wa yaro "raba mu gani" kafin ya yanke hukunci.

Malamin Islamiyya:
Ai 1 ma ba ta kasuwa, Malama.

Malama:
Gaskiya ne Malam. Sai mu gindaya sharaɗi a ma'anar: lambar ta haura 1. Dalili kuwa, kowace lamba da ta haura 1 hanya ɗaya ake tsinka ta zuwa gagara-raba, 60 ita ce 2×2×3×5. In aka shigar da 1, hanyoyin ba za su ƙirgu ba.

Malamin lissafi:
Na gamsu ƙwarai. Bari in gwada ta a jimla. A watan Oktoba 2024, Luke Durant na Amurka, ta shirin GIMPS na masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta, ya gano wata gagara-raba mai alƙaluma 41,024,320. Ana samunta in an jera 2 har guda 136,279,841, aka ninka su, aka cire 1. Masu wannan siffa ta ninka 2 a cire 1 su ne gagara-raban Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Ba duk mai wannan siffa ce ke gagara ba: 2047 tana da ita, amma 23×89 ce, wato "mai-rabuwa". Kalmar gagara-raba ta zauna a baki. Ranar Litinin da ita zan shiga aji, malaman Nima da Mamobi ma ku gwada ta ku faɗa mana yadda yara suka karɓa.