Masara a mazubi ko rage mata: me ke gyara garken barewa a dajin mutum na kansa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga maganata a kan masu daji na kansu a Amurka da barewarsu mai farar wutsiya, wanda ya ga ba haka ba ya fito da hujja. Mai fili da ke sayen buhunan masara yana zuba wa barewa don garke ya yi kyau, kuɗinsa kawai yake ƙonawa. Abin da ke gyara garke shi ne rage matan barewa ta hanyar harbi. Wajen 1900 barewar nan ba ta wuce 500,000 ba a duk ƙasar, yau ana maganar kusan miliyan 30, amma har yanzu mafarauta da yawa suna kan tarbiyyar kakanninsu ta cewa ba a taɓa mace. A gandun George Reserve da ke Michigan an saki guda 6 a 1928, mata 4 maza 2, cikin shinge. Kafin shekara shida sun haura 160. Mace mai ƙoshi tagwaye take haifa kusan duk shekara. Ka harbe namiji, ka rage baki ɗaya. Ka harbe mace, ka rage uku.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Batun masara na yarda da kai, Malam, har ma ka yi mata sassauci. Barewa mai tuƙa ce, ƙwayoyin da ke tumbinta suna sauyawa bisa abin da take ci, kuma sauyin yana ɗaukar makonni. A tsakiyar hunturu tumbin ya saba da ƙirare da tohon itace. Ta samu tulin masara lokaci guda sai tumbin ya yi tsami, ta kumbura, ta mutu cikinta cike, kamar akuyar da ta faɗa buhun hatsi. Ga masarar da aka ajiye cikin danshi tana yin fumfuna mai guba. Mafi muni shi ne haɗa baki a wuri ɗaya. Tarin fukan shanu da ya bayyana a barewar arewa maso gabashin Michigan daga 1994 an danganta yaɗuwarsa da wuraren zuba abinci. Cutar ramewa ta CWD, da aka fara gani a Colorado a 1967 ta kuma isa Wisconsin a 2002, tana bin yawu da fitsari da kashi, kuma tana zama cikin ƙasa shekaru. Shi ya sa jihohi da dama suka hana zuba abinci a yankunan da ta ɓulla.

Alhaji Isiyaku: Ni inda ban yarda ba shi ne rabin maganar na biyu, wato rage mata. Malam Habu, wane fili kake nufi? Mai eka 40 ba shi da garke. Namiji babba yana yawo a kusan murabba'in mil ɗaya, wato eka 640, ya ma wuce haka lokacin barbara a Nuwamba. Ɗan shekara ɗaya da rabi yakan bar inda aka haife shi ya yi mil da dama. To mai eka 40 ya harbe mata biyar, maƙwabta huɗu ba su harbi ko ɗaya ba, me ya canza? Ko kuma kowa ya ji wa'azinka ya harba, shekara uku a nemi barewa a rasa. A Savannah River Site da ke South Carolina bincike ya nuna koyoti, wani irin dila, yana cinye kaso mai yawa na jarirai kafin su yi ƙwari. Ga cutar zubar jini ta EHD da ƙananan ƙudaje ke yaɗawa a ƙarshen lokacin zafi idan an yi fari, wadda ta yi ɓarna a 2007 da 2012. Inda jarirai ba sa tsira, ka ƙara da harbin iyaye, ka durƙusar da garken.

Malam Habu: Ranka ya daɗe, ban ce a rufe ido a yi ta harbi ba. Amma dubi Pennsylvania. A dazukan yankin Allegheny ma'aikatan gandun daji sun killace filaye da yawan barewa daban-daban suka bi su shekara goma. Da yawan ya wuce kamar 20 a murabba'in mil, wato ɗaya a kowace eka 32, ƙananan itatuwan da barewa ke so ba sa tashi, sai wata ciyawa mai ganye kamar gashin tsuntsu da ba ta ci ta rufe ƙasa. Gary Alt, jami'in kula da barewa na hukumar farautar jihar, ya yi ta yawo yana faɗa wa mafarauta wannan, aka ƙara harbin mata, aka sa dokar hana harbin namiji sai rassan ƙahonsa sun kai wani adadi a 2002. Ya sha zagi har ya bar aikin, amma hujjar tana nan.

Dakta Ladi: Ku duka biyun kuna magana kafin awo, kuma awon ba shi da tsada. Na farko, shiga dajin ka durƙusa. Idan daga ƙasa zuwa kusan mita ɗaya da rabi babu ganye, kana hango nesa ta ƙarƙashin itatuwa kamar an yi musu aski a layi ɗaya, baki ya fi abinci. Ka kafa keji na waya, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya da rabi tsawo, a wurare uku ko huɗu. Bayan wata biyu na tsiro ka gwada cikin keji da wajensa. Ciki ya kai gwiwa waje yana ƙasa, ka samu amsa.

Na biyu, ƙidayar kyamara irin wadda masani Harry Jacobson da abokan aikinsa suka fitar a Mississippi a 1997: kyamara ɗaya a kowace eka 100, da abinci a gabanta don jawo barewa, kwana 10 zuwa 14, a Agusta ko bayan an rufe farauta. Maza ana bambance su da ƙaho. Misali ka gane maza 10 daban-daban a hoto 200 na maza, ka raba 10 da 200, ka samu 0.05. Hotunan mata 500 ne, ka ninka, mata 25 ke nan. Haka za ka yi wa jarirai. Inda ake kuskure: manyan maza suna mamaye wurin tarkon abinci, sai lissafin mata ya fito ƙasa da gaskiya, kuma inda aka hana zuba abinci ba za ka yi ta haka ba.

Na uku, duk wadda aka harba a auna nauyinta, a cire muƙamuƙin ƙasa a gane shekarunta daga haƙora, a duba ko akwai nono a hantsa. Nauyin 'yan shekara ɗaya da rabi yana raguwa shekara bayan shekara, a ƙara harbin mata. Jarirai sun gaza ɗaya ga kowace mace biyu alhali nauyi yana nan lafiya, matsalar ba yunwa ba ce, maganar Alhaji ta fito, a sassauta.

Alhaji Isiyaku: To madalla, Dakta. Kuma akwai abin da ba a ambata ba: ana iya ƙara abinci ba tare da buhu ba. Dajin da samansa ya rufe ruf ba ya tsirar da komai a tsawon bakin barewa. Ka sare ko ka kashe itatuwan da ba su da amfani har rana ta riƙa kai wa ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100 ko fiye, ka bar manyan itatuwan da ake kira ok (oak) masu zubar da 'ya'ya a kaka. Cikin shekara biyu ƙasa ta cika da toho da ƙaya, abinci ne kuma maɓoyar jarirai daga koyoti. Sai a riƙa sa wuta mai tsari duk shekara uku zuwa biyar, da izini da shingen wuta, don kada ya sake rufewa.

Hajiya Rabi: Haka ne, Alhaji, amma da sharaɗi. Ka buɗe eka biyu kacal a inda barewa ta yi yawa, za su taru su cinye tohon tun yana fitowa, ciyawar da ba sa ci ta gaje wurin. Ko dai a rage mata kafin sara, ko a buɗe wuri mai faɗi lokaci guda. Gonar kuloba, ganyen kiwo da ake shuka wa barewa, ma haka. Mutane suna watsa iri ba su gwada ƙasa ba. Ƙasar daji galibi tana da tsami, kuloba kuma tana son tsamin ya ragu har awon pH ya kai 6 zuwa 6.5, don haka sai an zuba farar ƙasa watanni kafin shuka, in ba haka ba takin ma ba zai yi aiki ba. Kuma gonar da ba ta wuce kashi 2 zuwa 5 na filin ba ba za ta ɗauki garke duk shekara ba.

Malam Habu: Na karɓi gyaran Dakta a kan awo, amma ban janye ba a kan yawancin gabashin ƙasar. Kuma a tuna, barewa ba ta mai fili ba ce, dukiyar jama'a ce a hannun jiha. Ko da dajinka ne ba ka wuce adadin da lasisi ya ba ka. Hanyar ita ce shirin DMAP da jihohi irin Mississippi da Pennsylvania ke da shi, inda ake duba filinka a ba ka ƙarin takardun harbin mata.

Dakta Ladi: Mai eka 40 kuma, Alhaji, maganinsa haɗa kai da maƙwabta har filin ya kai eka dubu ko fiye, a yi ƙidaya ɗaya, a raba adadin matan da za a cire, kowa ya kawo muƙamuƙi da nauyi a rubuta a littafi ɗaya. A fara cire matan tun farkon lokacin farauta, domin abincin da mace za ta ci daga Oktoba zuwa Disamba, kilo biyu zuwa uku kullum, shi ne wanda sauran za su nema a Fabrairu.