Babur ya cinye kuɗin rufin ɗakin Inna, in sayar ko in ci gaba da gyara?

Ɗan Kandara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, jiya ban runtsa ba. Shekarata shida a Jidda, ina aiki a shagon kayan gini, kuma kuɗin tasi kaɗai ya ishe ni. Wata huɗu da suka wuce na kwashi adashi, riyal 7,000, wanda asali na rufin ɗakin Inna ne a gida, don daminar bara da robobi ta kwana tana tarar ruwa. Ranar da zan tura kuɗin sai wani abokin aikina ya nuna min hoton dabbab, wato babur, na sayarwa, Honda CB400 Super Four ƙirar 1998, baƙi, silinda huɗu. Ni da na tashi a kan Jincheng, da mutumin ya tayar da shi na ji kukan injin, wallahi jikina ya mutu. Na biya 6,500, da niyyar in riƙa kai saƙon abinci da daddare in mayar da kuɗin kafin wata biyu.

Sati uku lafiya lau. Ranar wata Alhamis ina tsaye a danja a Shari' Falasɗin sai ya mutu. Na danna sitata, ƙat-ƙat kawai yake yi, kuma ba shi da kik. Haka na tura shi a zafin Agusta, motoci na ta yi min hon, rigata kamar an tsoma a ruwa. Tun daga nan na canza batir sau biyu, filogi huɗu, wani bakanike ya wanke kabireta ya karɓi 300. Da safe zai tashi garau, da ya yi zafi a cunkoso sai fitila ta dusashe ya mutu. Uwargida tana zaton kuɗin ya isa gida tuntuni, Inna kuma jiya ta tambaye ni ko lafiya. Me zan yi?

Injiniya na Sana'iyya: Wa alaikassalam. Kabireta ce, ba sai na gani ba. Shekara ashirin ina kwance injin a ƙasar nan. Wannan babur kabireta huɗu gare shi, wankewa kaɗai ba ta isa, sai an daidaita su suna shaƙar iska daidai da juna. Wanda ya karɓi 300 ɗinka fetur ya watsa mata ya mayar. Sannan ka cire tamostat, abin nan mai buɗe wa ruwan lagireto hanya in injin ya yi zafi, ka jefar, ka haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Don sanyin Japan aka ƙera shi, ba don Jidda ba.

Mai Lantarki: Yallaɓai Injiniya, da girmanka, amma ta yaya kabireta za ta kashe batir biyu? Ya ce fitila tana dusashewa. Wannan caji ne. Ɗan'uwa, nemi mita ka ɗora a kan batir. In injin a kashe yake ya kamata ka ga wajen volt 12.6. Ka tayar, ka ja mai har allurar juyin injin ta kai 5,000, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai 13 ba babur ɗin batir kawai yake sha har ya ƙare, in ya haura 15 dafa shi yake yi. Ka yi gwajin da sanyi, ka sake bayan ya yi zafi, don tsohuwar rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Ka kuma zare soket ɗin nan mai wayoyi uku rawaya da suka fito daga koyil, ka shinshina. In ka ji ƙauri ko ka ga robar ta narke, ka kama ɓarawonka. Kuma don Allah kar ka haɗa fanka kai tsaye a babur ɗin da ba ya caji, ƙara masa nauyi za ka yi.

Injiniya na Sana'iyya: Ilimin YouTube ke nan. Mu da hannu muka koya.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ni dai duk wanda ya ce min silinda huɗu na san kuɗi ya yi masa yawa. Shekara tara na yi a kan Boxer a Kano har aka hana acaɓa a 2013, filogi ɗaya, kik ɗaya, ko a daji ya tsaya da sifana ɗaya zan tashe shi. Wannan babur ɗin na bar wa ƙanena amana da zan taho, bai yi wata shida ba ya sayar ya ƙara aure, har yau ko sisi ban gani ba, kuma in na yi magana a ce na fiye riƙo. Allah ya isa dai.

Kawu na Misfala: Ɗana, duk an tsaya kan injin. Ni tambaya ɗaya gare ni: istimara, wato takardar rajistar babur ɗin, da sunan wa take?

Ɗan Kandara: Kawu, tana nan. Mutumin ya ba ni ita a hannu, ya ce in ya dawo daga tafiya za mu yi canjin suna. Mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni a gidansa. Kuma ba wai ban yi tunani ba ne kafin in saya, ku duba fa, ko fentinsa na asali ne, tankin ko lotsawa babu.

Kawu na Misfala: Shayi ba takarda ba ne. Wata huɗu yana tafiya? Canjin suna sai da fahas mai rai, wato takardar binciken lafiyar abin hawa, da inshora, kuma ta Absher, manhajar gwamnati, ake yi yanzu. In murur, 'yan sandan hanya, suka tare ka, babur ba sunanka ba, me za ka ce musu? Kuma lasisin mota daban, na dabbab daban, kana da shi? Batun kai saƙo da daddare ma, iƙamarka, takardar izinin zamanka, a kan shagon kayan gini take. Na ga yaran da aka kai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a kan abin da bai kai wannan ba. Ka daina zuba masa ko riyal ɗaya sai ka nemo mutumin nan.

Injiniya na Sana'iyya: Kawu, takarda ba ta tayar da injin. Ya kawo min shi ranar Asabar, kwana ɗaya zan yi. Kuma ya daina sayen baƙin mai na babur mai tsada, na mota 20W-50 ya wadatar, duk mai mai ne.

Mai Lantarki: A'a fa. Kulocin wannan a cikin baƙin mai yake wanka, wani man motar zai sa ya riƙa zamewa. Ya duba bayan galan ya ga an rubuta JASO MA, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci. Rektifayar ma in ita ce, da wuya a samu a tashlih, wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, don baburan nan yawanci don kasuwar Japan aka yi su. Tawa sai da na sa aka aiko min daga Sharja, sati biyu ina jira.

Maman Walid: Ni ban san rektifaya ba, ƙanena, amma na san ranar da matarka za ta ji labarin nan daga bakin Inna. Nawa maigidan haka ya ɓoye min bashin mota shekara guda, sai da mai bin bashin ya buga mana ƙofa ranar suna, gida cike da mata. Har yau in ya ce min "ba komai" gabana faɗuwa yake. Ka faɗa mata yau, ka sayar ko da asara, ka tura wa tsohuwa abin da ya samu.

Ɗan Kandara: Yaya, na ji, amma ba sata na yi ba, kuɗina ne, kuma don amfanin gidan na saya. In na sayar yanzu yana mutuwa a hanya wa zai ba ni ko 4,000? Gara in gyara tukuna. Uwargida tana da juna biyu, ba na son abin da zai tayar mata da hankali. Malam Mai Lantarki, na ari mita wajen maƙwabcina, a kashe ya nuna 12.1, ban iya tayar da shi ba balle in ja mai.

Injiniya na Sana'iyya: Ka gani ko? Bai tashi ba. Kabireta.

Mai Lantarki: Batir ne ya yi ƙasa, Injiniya. Ya yi masa caji tukuna ya sake gwadawa.

Kawu na Misfala: Lasisin fa? Ba ka amsa min ba. Kuma ka kira mutumin?

Ɗan Kandara: Na kira Kawu, wayar a kashe take, ƙila bai sauka ba ne. Injiniya, nawa za ka yi min daidaita kabiretar? Kuma akwai wanda yake da cajar batir a kusa da unguwar Kandara?