Neman shawara: ina so in yi gudun kilomita 21 a bayan gari ni kaɗai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jos nake zaune. Ina gudu a kan kwalta sau uku a mako, kilomita 10 cikin awa ɗaya da minti biyar, mafi nisan da na taɓa yi kuwa kilomita 13 ne. Burina a watan Disamba in cika rabin gudun fanfalaki a turbobin da ke gindin duwatsun Shere, ni kaɗai, ba a gasa ba. Saura mako goma. Yaya zan shirya, me zan ɗauka, kuma ina aka fi samun matsala?

Koci: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mako goma ya isa, in ka yarda ka ajiye lissafin kwalta. Nisan dai kilomita 21.1 ne, kuma mai gudu irin naka zai cinye shi a titi cikin kamar awa biyu da rabi. A turba mai hawa da gangara da tsakuwa, ka sa ran awa uku zuwa uku da rabi. Wannan lokacin shi za ka horar da jikinka ya jure.

Ka riƙe kwana uku ko huɗu a mako. Rana ɗaya ta dogon gudu ce, kuma tun daga makon farko a yi ta a irin ƙasar da za ka taka ranar. Fara da kilomita 11, ka riƙa ƙara ɗaya zuwa ɗaya da rabi duk mako, a mako na huɗu ka koma 10 jiki ya huta. A mako na takwas ka kai 17 ko 18, daga nan kada ka sake ƙarawa. Mako na tara 12, makon ƙarshe gajerun gudu biyu kawai. Saurin dogon gudu shi ne wanda za ka iya yin magana a cikinsa ba tare da haki ya yanke maka zance ba.

Hawa mai tsayi, taka shi da ƙafa, hannu a kan cinya. Manyan masu tseren duwatsu ma haka suke yi. Gangara ce ke cin amanar sabon shiga: mutum ya ji daɗi ya saki jiki da dogon taku, tsokar gaban cinya tana ta riƙe birki, a kai kilomita 15 ta ƙi ɗaukar nauyi. Gajeren taku da sauri, ido a kan taku uku ko huɗu da ke gabanka. Ka ware rana guda a mako kana hawa da sauka a tudu ɗaya sau shida zuwa takwas.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ni ruwa da abinci zan yi maka magana, don sanyin hunturu na yaudara. Iska busasshiya ce, gumi na bushewa nan take, sai ka zaci ba ka yi ba. Yi lissafin rabin lita a kowace awa, ka ɗauki lita biyu, kana kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Gora ɗaya ta zama ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada kuma ka yi ta ɗura ruwa zalla fiye da ƙishinka, yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai da ruɗewa.

Abin da tsoka ta tara na ƙarfi yakan ja baya bayan kamar minti 90. Tun a minti na 40 ka fara ci, kada ka jira yunwa. Dabino biyar ko shida a awa, an cire ƙwallon tun a gida, ko ayaba. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa a bar su sai an gama, mai ba ya saurin narkewa. Karin kumallo awa biyu kafin fita, koko ko shayi da burodi, abin da cikinka ya saba da shi. In ka ji jiri, ko tsigar jiki na tashi cikin rana, ko tunani ya fara rikicewa, tsaya a inuwa, jiƙa kai da wuya, ka kira gida. Gudun ranar ya ƙare.

Ɗan gari: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kalmar "ni kaɗai" ita ta fi damuna. Ɗan uwa, kada ka nausa kilomita 10 cikin duwatsu sannan ka juyo. Nemi zagaye na kilomita 7 ka yi shi sau uku, ka ajiye ruwa a mafari. Ko targaɗe ka yi, ba ka fi kilomita uku da rabi daga wurin taimako ba. Bi zagayen da ƙafa tun kafin ranar, ka lura da inda sabis ke ɗaukewa, ka gaisa da mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar su san fuskarka, ka kuma tambaye su halin da wurin ke ciki a wannan makon. In suka ce kar ka bi, kar ka bi.

Tura wa mutum ɗaya wurin da kake ta WhatsApp, irin wanda ke nuna motsinka kai tsaye (live location), ka zaɓi na awa takwas, ku yanke lokacin da zai biyo sawunka in bai ji daga gare ka ba. Waya a cike da caji, abin jin kiɗa a bar shi a gida. Fita bayan gari ya waye sosai, ba da duhun asuba ba. Kare ya taso, daina gudu ka fuskance shi kana ja da baya. Garken shanu kuwa, yi wa makiyayi sallama ka wuce da tafiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Koci, zagaye uku ba zai karya min gwiwa ba duk lokacin da na iso mafari? Takalmi fa, kambas ɗina na kwalta zai yi?

Koci: Zai gwada zuciyarka, musamman ƙarshen zagaye na biyu. Duk da haka ina tare da ɗan gari kan zagayen, tunda karon farko ne. Dabarar ita ce kada ka zauna: cika gora a tsaye, minti biyu, ka wuce. Zagayen farko ka yi shi a hankali har ka ji kamar wasa kake.

Kambas mai sulɓin ƙasa na zamewa a kan tsakuwar da ke bisa falalen dutse. Nemi mai haƙora a tafinsa, ko na gwanjo ne, da sararin faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai yi ta dukan takalmi a gangara ya mutu. Yi aƙalla dogon gudu uku da shi kafin ranar. Safar auduga na riƙe gumi ta jawo bororo, sa ta roba. Yanke farce kwana uku kafin nan, ka shafa basilin a tsakanin cinyoyi da hammata.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙara bandeji mai talewa, filasta da usur a jakarka. Kada ka cusa hannu a kogon dutse ko ka yanke ta cikin ciyawa. In maciji ya sare ka, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. Cire takalmin, rage motsi, ka kira a ɗauke ka zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Tambayi sunan asibitin tun yanzu, ka ba wanda zai riƙa bibiyarka.