"Ɗan aike ba shi da laifi": har da masinja?

Baban Ummi: Jama'a a raba mu. Mai gidan da muke haya ya aiko yaronsa da takardar ƙarin kuɗi, maƙwabcina ya tare shi a zaure ya wanke shi tas. Yaron ya ce shi fa masinja ne, ɗan aike ba shi da laifi. Maƙwabcin ya ce ai manzo ake nufi da wannan magana, ba masinja ba. Wai akwai bambanci?

Alaramma na Tudu: Babu. Akwai hadisi a Abu Dawuda: 'yan aiken Musailama, wanda ya yi da'awar annabta ta ƙarya, sun kawo wa Annabi (SAW) wasiƙa, ya ce ba don ba a kashe manzanni ba, da ya sare wuyansu. In na Musailama sun tsira, balle na mai gidan haya.

Ticha Sani: Kalmar masinja ma Turawan Ingila aro ta suka yi. Daga tsohon Faransanci ta shigo musu bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, tushenta kuma Latin ne, daga kalmar aikawa. Da can messager suke cewa, daga baya harafin n ya kutsa tsakiya, yadda ya kutsa cikin passenger. Shi ya sa mu ma muka gaji masinja da fasinja tare.

Direban Zariya: Fasinja shi ke biya, masinja shi ake ba tukuici. Ticha ka ƙara wannan a allo.

Hajiya Yaya: Alaramma a yi mini afuwa, amma da kakata tana raye da ba ta yarda ba. Ta ce tana 'yar yarinya, zamanin En'e, wani masinja ya zo ƙauyensu a kan keke, da kakinsa, riƙe da takarda daga gidan hakimi. Duk garin ba mai karatun boko. Ya tsaya ƙofar dagaci ya "karanta": Bature ya ce kowane gida kaza ɗaya, unguwa kuma rago. Aka shiga kame-kame. Kazarta wake-wake, wadda gwaggonta ta ba ta, tana kan ƙwai aka ɗauke ta. Dagaci ya adana takardar nan a cikin gafaka kamar laya. Sai da wani ɗan garin ya dawo hutu daga elemantare aka ba shi ya duba. Ashe sanarwa ce, masu lambar agana za su zo ran kasuwa. Ko kalmar kaza babu a ciki! Har ta rasu, in aka ce mata an aiko, sai ta ce, "Wa ya karanta?"

Ɗan Gwammaja: Allah ya jiƙan kaka. Ai a Kano ma tun zamanin Lugga haka ne. Adamu Jakada shi ne tsakanin Turawa da fada bayan 1903. Bature ba ya jin Hausa sosai, Sarki ba ya jin Turanci, to wa ya fi mai kai maganar ƙarfi?

Alaramma na Tudu: Wannan na kaka ai ba ɗan aike ba ne, ɓarawo ne da keke.

Direban Zariya: Jikokinsa ne yanzu ake kira mai ba da shawara na musamman. Oga ya ba da buhu ɗari, ya iso mazaɓa taliya ƙwaya biyu da sabulu.

Maman Khalifa: Kai ma ka yarda oga ya ba da ɗarin? Ni "zuwa da kai ya fi aike" na sani, 'yan siyasa kuwa sai shekarar zaɓe suke tunawa da ita.

Ticha Sani: Mun bar zancen fa.

Ɗan Gwammaja: Hajiya, wane gari ne wannan?

Hajiya Yaya: Rufa mini asiri ɗan nan. Zuri'arsa na nan, ɗaya ma kansila ne.