Yaranmu na Legas da karan sigari, wa ya taɓa shiga irin halin da nake ciki?

Baban Ummi, Agege

Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, ba wa'azi ba don Allah. Ɗan yayana ne, shekararsa 15, mahaifinsa ya rasu bara sai aka turo min shi daga Funtuwa. Ni ɗaki ɗaya gare ni da iyali shi ya sa yake kwana a kasuwar Mile 12 wajen yaran garinmu, yana dako a ɓangaren tumatir, ranar Juma'a kawai yake zuwa gida. Juma'ar da ta wuce matata za ta wanke masa wando ta ci karo da kara biyu da ashana a aljihu. Wallahi jikina ya mutu, yaron nan ya sauke izu ashirin kafin ya zo, ko ɗaga ido ba ya yi in ina magana. Ban ce masa komai ba tukuna saboda na san in na fara cikin fushi hannu zai kai. Wanda ya taɓa sha yana yaro ko ya riƙe yaron da ke sha ya faɗa min yadda abin yake.

Tsohon Ɗan Dako

Wa alaikumus salam Baba. Kar ka dake shi, ka ji daga bakin wanda ya yi shekara 11 yana sha. Ni ma a Mile 12 ɗin na fara ina ɗan 14, kuma ba wani abokin banza ne ya ja ni ba, aikin ne da kansa. Tirelolin kaya daga Arewa ba su da lokaci, wata ta iso ƙarfe biyun dare wata da asuba, in ka yi barci wani ya riga ka, to sai ka ga manya suna zaune bakin mai shayi kowa da kara a hannu suna cewa tana kore barci tana kore sanyi, balle lokacin damina da ruwan Legas ke kwana yana zuba kai kuma kana kan kwali a ƙarƙashin rumfa. Na biyu yunwa. Lokacin kara ɗaya naira goma ne, abinci kuwa sai ka ninka wannan sau da yawa, kuma in ka zuƙa sai cikin ya yi shiru na ɗan lokaci, ka sha shayi da rabin burodi ka wuce har la'asar. Kuɗin da ka rage ka tura gida ana sa maka albarka, ba wanda ya san da me ka rage shi. Haka muka rayu, ba karin kumallo, ba barcin kirki, goro da sigari da shayi mai kauri. Na rame har mahaifiyata ta yi kuka ranar da na je sallah.

Abin da nake so ka gane Baba, in ka ƙwace karan ka bar shi a wannan makwancin da wannan yunwar, gobe zai sayi wani. Ka fara tambayarsa sau nawa yake cin abinci a rana, kuma ƙarfe nawa yake kwanciya.

Mai Tebur, Obalende

Ni mai sayarwa ne, ba zan ɓoye ba, shekara 9 ina da tebur, alewa, biskit, Tom Tom, goro da sigari. Gaskiyar magana yaro ba ya sayen kwali, kara yake saye. Dokar taba ta 2015 wadda Jonathan ya sa wa hannu ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da kara-kara, sai dai kwali mai kara 20, amma ku zagaya daga Obalende har Ijora ku gani ko akwai teburin da ba ya fasa kwali, ai ribar ma a nan take. Ni abin da ya sa na daina ba yara, wani yaro ne mai wankin takalmi da kullum yake zuwa ya ce oga ne ya aiko shi, ashe ba wani oga, bayan masallaci yake zagayawa, ranar da na gan shi yana tari kamar zai amayar da hanjinsa na ce na bari. Yanzu in yaro ya zo sai in ce wanda ya aiko ka ya zo da kansa. Ciniki ya ragu kaɗan, wasu ma sun yi fushi da ni, kuma na san tebur na gaba zai ba shi, wannan ne ke ci min rai.

Maman Sadiq, Idi-Araba

Malam mai tebur Allah ya saka da alheri. Aiken nan shi ne masifar. Ƙanena haka ya fara, masu gadin layinmu ke aikensa, har su ce ya kunno ta a wajen mai shayi ya kawo, to yaro zai kunna ba tare da ya zuƙa ba? Yana ɗan 12 fa. Kuma kar a ɗauka maza ne kawai, yanzu 'yan mata na shan shisha a gidan biki suna cewa ai ƙamshin 'ya'yan itace ne ba taba ba, alhali taba ce a ciki. 'Yar maƙwabciyata mai tallar gyaɗa har bidiyo aka ɗauke ta.

Abu Hanifa

Ku yi haƙuri amma ni ban yarda da maganar yunwa ba. Mu ma mun yi talauci, mun yi ga-ruwa a Agege muna tura kura da jarka goma sha biyu, ba mu sha ba. Rashin tarbiyya ne da rashin tsoron Allah.

Tsohon Ɗan Dako

Malam Abu Hanifa ban ce uzuri ba ne. Amma a ina kake kwana lokacin, kuma wa ke ba ka abincin dare?

Abu Hanifa

Gidan kawuna a Zango. To a nan kam ka yi gaskiya, akwai ido a kaina, in na wuce isha ban dawo ba sai an fito nemana.

Anti Nas, Mushin

Ina aikin jinya, bari in sa baki. Abin da ke kama mutum a taba sunansa nikotin, cikin daƙiƙu kaɗan yake kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama girma ba shi ya sa ta fi saurin sabawa, yawancin manyan da kuke gani sun kasa bari tun kafin su kai 18 suka fara. Maganar kashe yunwa gaskiya ce, nikotin na rage sha'awar abinci, amma jikin bai samu komai ba, yaron da ya kamata yana girma sai ya tsaya. Barcin ma haka, tana hana shi, gari ya waye a gajiye ya sake neman wata.

Abin da ya fi damuna shi ne tarin fuka. Yara goma a shago ɗaya ba taga, ga hayaƙi ga rashin abinci, shan taba kuma na ƙara haɗarin kamuwa da shi. An taɓa kawo mana wani yaro ɗan bola jari, wata uku yana tari yana shan maganin tari na kemis, abokansa na ce masa sigarin ce kawai, sai da ya fara tofar da jini. Baban Ummi in yaronka na tari ya wuce sati biyu, ko yana zufa da dare ko yana ramewa, ka kai shi asibitin gwamnati a gwada majinarsa, maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha. Kuma in ya fara bari zai yi ta fushi da ciwon kai da rashin sukuni na 'yan kwanaki, kar ku ɗauka rashin kunya ce, kwanakin farko ne suka fi wuya, bayan sati biyu zuwa huɗu abin na sauka.

Ɗan Acaɓa Ba Mashin

Nawa daban ne, ni zaman banza ne ya kai ni. Ina 17 ina haya da mashin ɗin yayana ta wajen Apapa, da aka hana acaɓa a watan Yunin 2022 aka kama mashin ɗin shi ke nan, muka koma zaman majalisa daga safe har dare, sai gidan kallon ƙwallo in akwai wasa, can kuwa kowa na busawa, in ƙungiyarka ta ci ka sha in an ci ku ka sha. Da kuɗin caca ya shigo sai a sayi kwali a raba. Abin da ban so ba shi ne inda ta kai wasu, don wanda ya iya riƙe kara ba ya jin tsoron a miƙo masa naɗin wiwi, daga cikin mu bakwai uku sun koma wiwi, ɗaya har da tiramadol, yanzu haka an mayar da shi gida Haɗeja ba ya cikin hayyacinsa sosai. Ni azumi ne ya taimake ni, na ga ina iya kaiwa magariba ban sha ba, da kuma wani dattijo da ya ɗauke ni koyon gyaran janareta ya ce ba a kunna wuta kusa da fetur, in ina so in zauna to in zaɓa. Da safe kuma na koma buga ƙwallo, da farko minti goma numfashi ya ƙare. Ban ce na rabu da ita gaba ɗaya ba, wata biyar kenan dai ban taɓa ba, ku sa ni a addu'a.

Maman Sadiq, Idi-Araba

Allah ya ƙara maka ƙarfi ƙanena. Ka riƙe dattijon nan da kyau.

Baban Ummi, Agege

Na gode jama'a, na karanta duka har sau biyu. Jiya na je Mile 12 da kaina bayan isha ban sanar da shi ba, na ga inda suke kwana, su tara ne, wallahi ban san haka wurin yake ba, ni da na ce na riƙe amanar yayana. Na ja shi wajen mai shayi na sa aka soya masa indomi da ƙwai, yadda ya ci kawai ya ishe ni amsa. Na tambaye shi ya ce sau ɗaya yake ci, yana tara kuɗin ne zai aika wa mahaifiyarsa na taki. Da na kawo maganar karan ya sunkuyar da kai ya ce wata huɗu kenan, uku ko huɗu yake sha a rana, kuma na ji yana ɗan tari. Mun yi magana da mai gidanmu ya yarda ya riƙa kwana a shagon tela da ke ƙofar gida, abincin dare da na safe a wajenmu, kuɗin takin na ce ni zan cika. Anti Nas ranar Litinin zan kai shi gwajin in sha Allah. Saura aikin, don in ya ci gaba da dakon dare ban ga yadda zai kwana a Agege ba, wanda ya san mai neman yaron shago ko koyon sana'a tsakanin Agege da Abattoir don Allah ya yi min magana.